Aji da safe, zaure da dare: ina rabon gida?

Wani matashin malami a nan Damagaram ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Shekararsa shida yana koyar da lissafi a wata CEG, wato kwalejin gwamnati ta bayan firamare, har yanzu ɗan kwantaragi ne. Azuzuwansa uku, kowane aji yara sun kai 80. Da yamma yana ƙarin awoyi a wata makarantar kuɗi, don albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Ana sallame Magariba sai ya zauna a zauren unguwa yana biya wa yara allo, bayan Isha'i kuma magidanta su zo da Ahalari da Ishmawi, kowane dare, ko dala ba ya karɓa. Yana da mata da 'ya'ya biyu. Maiɗakinsa ta ce masa ya zama baƙo a gidansa. Shi kuma ya ce daɗin karantarwa da yake ji a da ya gushe, yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yana gyangyaɗi a zaman tahiya. Yana tambaya: raunin imani ne ya kama shi? In kuwa dole ne ya rage wani abu, me zai rage da ba zai zama ya juya wa aikin Allah baya ba?

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka yi tambaya tun tulu bai fashe ba. Ni ma na bi wannan hanya. Daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed na fito, na riƙe alli a ƙauyukan Tanut da na Magariya kafin a dawo da ni cikin gari, a ƙarshen aikina kuma malamai nake zagayawa ina dubawa. Zaure ma na riƙe shi shekaru masu yawa. Saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona.

Abin da ke damunka gajiya ce. Mai raunin imani ba ya kwana da damuwar ya yi gyangyaɗi a salla. Ɗauki takarda mu yi lissafi, tunda sana'arka ce. Yara 80 sau uku, 240. In ka ba su gwaji guda, ka ba kowace takarda minti huɗu kacal, minti 960 ke nan, awa 16 cur, kwana biyu na aikin ma'aikaci, kuma babu wanda ya rubuta su a jadawalinka. Ɗora awoyin CEG, ɗora na makarantar kuɗi, ɗora shirin darasi, ɗora kai-komo a kan babur cikin rana, sannan ka ɗora kusan awa uku na zaure sau bakwai. Mako dai awa 168 ne ga kowa. Za ka tarar cewa barci da iyali su ne suke biyan bashin duk abin da ka ƙara, don su kaɗai ne ba su da direkta da zai kira ka in ka makara.

To me addini ya ce game da wannan? Labarin da ya fi dacewa da kai yana cikin Bukhari. Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa Ummud Darda'i cikin tufafin da babu kula. Ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwanka ba shi da bukatar duniya. Da aka kawo abinci Abud Darda'i ya ce shi azumi yake, Salmanu ya ce ba zan ci ba sai ka ci. Da dare ya yi ya tashi zai yi nafila, Salmanu ya ce kwanta. Ya sake tashi, ya ce kwanta. Sai a ƙarshen dare ya ce to yanzu tashi, suka yi salla tare. Sannan ya ce masa Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowane mai hakki hakkinsa. Da maganar ta kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ka lura da inda labarin ya fara: daga halin matar gida. Salmanu bai ga laifi a sallar Abud Darda'i ko azuminsa ba, tufafin matarsa ne suka nuna masa akwai hakkin da ake tauyewa. Maganar da maiɗakinka ta yi maka ita ce irin wannan alama, kada ka ɗauke ta a mitar mata.

Haka Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, da yake azumi kullum yana raya dare kullum, Annabi ya ce masa jikinka yana da hakki, idonka yana da hakki, matarka tana da hakki. Abdullahi ya nace yana da ƙarfin ya ƙara. Da ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma na karɓi sauƙin da Manzon Allah ya yi mini. Kai yanzu ƙuruciya ce ke ɗauke da kai, ita kuwa ba ta zama.

Yanzu ga amsar da na san ba ita kake son ji ba. Abin da za ka rage shi ne zaure.

Na san dalilin da ya sa zuciyarka ba ta so. A ranka ka raba rayuwarka gida biyu: da safe kai mushe ne (monsieur), kamar yadda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ke kiranmu, kana aikin neman abinci, da dare kai malam ne, kana aikin Allah. Da wannan rabo duk awar da aka cire wa zaure sai ka ji kamar an cire ta daga lahirarka. Rabon ne ba daidai ba. Ka jera abubuwan nan bisa ma'aunin da kai da kanka kake karantarwa, na farilla da nafila. Ciyar da iyali wajibi ne a kanka, don haka awoyin makarantar kuɗi, muddin da su ake sayen hatsi da biyan ɗan ga-ruwa, suna cikin wajibi. Annabi ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada, har lomar da yake sa wa matarsa a baki. Aikin CEG alkawari ne da ka sa wa hannu, ana biyanka a kansa ko da kuɗin kaɗan ne, ko da suna makara, yara 240 kuma amana ce a wuyanka. Tarbiyyar 'ya'yanka da ilimin matarka wajibi ne, Allah Ya ce a Suratut Tahrim ku tsare kanku da iyalanku daga wuta. Zaure kuwa, duk girman ladarsa, a hakkinka nafila ne, sai fa in babu wani a garin da zai iya karantarwa sai kai. A Damagaram, garin da har unguwa guda ake kira Garin Malam, ba ka cikin wannan hali.

Ba ni na fara faɗin haka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da ɗalibai safe da yamma, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Ya ce koyar da iyali wajibi ne, koyar da ɗaliban waje kuwa nafila ne ga wanda ba shi kaɗai ne malami a wurin ba, har ya tuhumi masu yin haka da son a gani. Kuma ya aikata abin da ya faɗa, shaidarsa ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta girma ta kafa tsarin 'yan taru, jajojinta suna kai wa matan ƙauye ilimi.

Wannan magana ta Shehu na karanta ta tun ina saurayi, amma ban gane da ni take ba sai wata rana. Ina riƙe da zaure kowane dare, muna cikin babin rafkanuwa a Ahalari, na yi makonni ina warware wa magidanta ƙabli da ba'adi. Sai na ji daga bakin maƙwabciya cewa uwargidana ta aika a tambayo mata wani malami a wata unguwa yadda za ta gyara sallarta da ta manta zaman tahiyar farko. Da na yi mata magana ta ce, Malam, in ka shigo idonka a rufe yake, in ka tashi kuma sauri kake, yaushe zan tambaye ka? Ban sami abin cewa ba. Daren nan ban yi barci ba don kunyar Allah. Babban ɗana a lokacin yana aji huɗu na firamare, ban san sunan malaminsa ba, ni da nake sanin sunan kakan kowane almajirina.

Ban rufe zaure ba, kai ma ban ce ka rufe ba. Na mayar da shi dare uku, kuma abin da ban zata ba, karatun ya fi tafiya. Magidanta suka riƙa zuwa da bitarsu a shirye, don sun san in sun rasa yau sai jibi. Wannan ma yana da asali. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Wani ya ce masa muna so a ce kullum ne, ya ce abin da ya hana ni shi ne ba na so in gundure ku, ina zaɓar muku lokaci kamar yadda Annabi yake zaɓar mana don gudun kada mu ƙosa. In ɗan Mas'ud ya wadatu da rana guda a mako, dare uku ba ƙwauro ba ne. Ko makarantun allo na iyayenmu da kakanninmu, da duk tsananinsu, suna tashi Alhamis da Juma'a. Kai ka zarce su, bakwai cikin bakwai.

Yaran allo su ne za ka fi jin nauyinsu, don yaro yana son biyawa a kai a kai. A nan sai ka koma ga dabarar tsangaya: malam ba ya biya wa kowa da kansa, manyan almajirai su ke biya wa ƙanana, shi yana sauraro yana gyara. Cikin waɗanda ke zuwa wurinka ba za a rasa mutum biyu da karatunsu ya nuna ba. Zaunar da su gefenka wata guda, sannan ka sakar musu dararen da ba ka nan. Ka kuma daina jin kunyar kuɗin Laraba. Hadisi ne a Bukhari cewa mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. In kai ba ka so ka taɓa, a tara a ba mataimakan nan, a sayi tabarma da fitila. Makarantar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ran da zazzaɓi ya kwantar da shi ko aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Gure, ranar ta mutu. Wadda ya raina wa magada ita ce take zama ilimin da ake amfana da shi bayan ransa.

Ka sanar da dattawan unguwa da liman kafin ka canja, cikin ladabi, ka gaya musu gaskiyar dalili. Za a sami mai cewa malam ya fara sanyi. Bar shi ya faɗa. Wani ɓangare na abin da ke hana mu ragewa, in mun yi wa kanmu adalci, daɗin a ce malam ba ya gajiya ne, kuma wannan daɗin shi Shehu yake yi mana kashedi a kansa.

Ɓangaren lakwal kuma akwai awoyin da kake zubarwa ba dole. Ba kowane gwaji ne sai ka kwaso takardu zuwa gida ba. Dabarar nan ta La Martinière da ake koya wa malaman firamare tana aiki har a aji na farko da na biyu na kwaleji: ka jefa tambaya, kowa ya rubuta amsa a ɗan allonsa, ka buga tebur su ɗaga gaba ɗaya, cikin minti goma ka san wa ya gane wa bai gane ba, ba ka ɗauki ko takarda ɗaya ba. Ƙananan gwaje-gwaje yara su yi musanyar kaye, wato littattafan rubutunsu, su gyara wa juna kana bin su a babban allo. Manyan da za su shiga sakamako su ne naka, su ma kada ka sa wa azuzuwa uku a mako guda, jera su. Takardun shirin darasinka ka adana su da kyau, baɗi gyara kawai za ka yi. A taron UP, inda malaman darasi ɗaya ke haɗuwa, ku raba babi-babi da sauran malaman lissafi, kowa ya shirya nasa ku yi musanya. Na sha ganin malamai huɗu a makaranta guda kowa yana kwana a kan darasi iri ɗaya, saboda kowa yana ganin neman taimako gazawa ce. Awar da ba ka da aji tsakanin darasi da darasi, a nan za ka yi gyaran takardu, shayin ya jira.

Sauran dare huɗun nan fa, kada su tafi a fadar shayi ko a WhatsApp, don na ga waɗanda suka rage zaure suka ƙara hira. Ka ci tuwon dare a gida. Ka buɗe kayen ɗanka ka ga abin da aka koya masa. Ka ware wa maiɗakinka zama nata na karatu, ko rabin awa ne, ta kawo littafinta kamar kowane ɗalibi, kuma ka saurari abin da ba karatu ba: tsadar kasuwar Dole, famfon da ya kwana uku bai kawo ruwa ba, rashin lafiyar innarta. Mace a garin nan tana ɗauke da wahalar ruwa da ta yara ita kaɗai in miji ba ya nan. An tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Ka kwanta da wuri. Allah Ya ce a Suratun Naba'i Ya sanya barci hutu, dare sutura, rana lokacin neman abinci. Raka'a biyu kafin asuba da ido buɗe sun fi maka tsayuwar da ba ka san me ka karanta ba, kuma aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Kada kuma ka nemi kowace rana ta zo daidai wa daida, shekarar malami ba haka take ba. Daga buɗe makarantu a Oktoba zuwa sanyi akwai sarari. Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, ga shirin BEPC, jarrabawar gama kwaleji, a nan sai ka ƙara sassauta wa kanka, ka riƙe ƙailula kamar magani. Watan azumi zaure yana da nasa tsari. Babban hutu na damina kuwa ka biya iyali bashinsu, ka kai su ganin dangi, in kana so ka ninka karatun zaure a lokacin ka ninka. In ka yi wata biyu da wannan gyara amma ciwon kai, rashin barci ko saurin fushi ba su sauka ba, je a auna maka jini. Malamai da yawa da na sani hawan jini ya daɗe yana cinsu suna cewa gajiya ce.

Saura maganar daɗin da ya gushe. Wani sahabi, Hanzala, ya taɓa cewa ya zama munafuki, don in yana gaban Annabi kamar yana ganin Aljanna da wuta, in ya koma cikin mata da 'ya'ya da gonaki sai ya manta da yawa. Annabi bai ce masa ya bar gida ba, ya ce ya Hanzala, lokaci da lokaci. Zuciya tana hawa tana sauka, ba a gina hukunci a kan saukarta.

Amma akwai abin da nake so ka gyara tun gobe da safe, kafin ka tayar da babur: niyyar shiga aji. Yarinyar da ke zaune a bencin baya, wadda ake ta maganar a cire ta a yi mata aure, in ta gane lissafi a hannunka ta ci BEPC, wataƙila ita ce ungozomar da za ta karɓi haihuwa a wani ƙauyen Miriya da babu likita. Yaron da ka koya wa kaso da rabo shi ne gobe ba za a cuce shi a awo ba, shi ne zai iya raba gado daidai. Wannan ba aikin Allah ba ne? Ran da na daina ganin aji a matsayin wurin neman albashi kawai, ranar gajiyata ta ragu da rabi, don na daina jin cewa yinina duka asara ne sai dare ya yi.

Ladar wannan sana'a a duniya tana da jinkiri, shi ya sa shekara shida ba ta isa ka gan ta ba. Ni sai da furfura ta fito. Na je asibiti da jikata cikin dare tana zazzaɓi, wani ma'aikacin jinya ya dube ni ya sake dubawa, ya rusuna ya ce mushe, ba ka gane ni ba? Ɗan wani ƙauye ne a arewacin Tanut, inda na koyar a ajin zana, iska na kwashe mana alli. Ya riƙe yarinyar nan har gari ya waye. Da zan tafi ya ce kullum in ya yi wa iyayensa addu'a yana sa ni.

A wannan makon ka fara da abu biyu. Ka zauna da maiɗakinka ku zaɓi dararen da za ka kasance a gida, ita ta fara zaɓa. Sannan ka kira ɗalibanka biyu da karatunsu ya fi nuna, ka gaya musu daga Asabar su ne za su riƙa biya wa ƙanana, kana zaune kana ji. Bayan wata guda ka sake rubuto mini yadda gida da aji suka kasance. Allah Ya yi wa karatunka albarka, Ya raya maka zuriya.